Haƙoran da Na Saka wa Motar Ɗan Farina

Assalamu alaikum Edita, da masu karatu. Saura kaɗan in fasa aiko da wannan labari. Na fara na ajiye, na sake ɗauka na sake ajiyewa, don mutumin da ya saba ba da labarin da shi ne gwarzo a ciki ba ya jin daɗin wanda shi ne sakaran. Maiɗakina ce ta ce tunda na ishi duniya da labarin Agadas da Sabha da Jidda, in daure in ba da guda ɗaya wanda ban fito da kyau a cikinsa ba. To ga shi.

A lokacin ni bakanike ne a wani gareji a unguwar masu gyara kusa da Shifa, a Riyad, ina dab da shekara hamsin. Na yi yaron mota tun gemu bai fito min ba, na kwana ƙarƙashin manyan motoci a ƙasashen da yanzu ma sai na yi tunani nake tuna jerinsu. Abin da aka san ni da shi kuwa bayan mota ne, wato aksul ɗin baya da difaranshar da ke tsakiyarsa. Samarin garin masu tsofaffin motocin Amurka, irin masu silinda takwas ɗin nan da idan aka tayar sai tagogin maƙwabta su yi rawa, wurina suke zuwa. Sai yaro ya ƙone kuɗin ubansa a kan inji, sannan ya zo yana ce min Ammu, wato Baffa da Larabci, wane haƙori zan saka a baya? Ni kuma ina da ɗabi'a ɗaya da kowa ya san ni da ita: ba na taɓa sifana sai na zaunar da mai mota, na zuba masa shayi, na tambaye shi ina za shi da motar nan.

Bari in yi wa wanda ba bakanike ba bayani. A cikin difaransha akwai haƙora biyu, babba da ƙarami, su ne suke yanke sau nawa farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji baya, za ta juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Idan lambar babba ce, kamar huɗu da ɗigo goma, mota tana zabura daga tsaye kamar an tsikare ta, amma nan da nan numfashinta ya ƙare, inji ya yi ta kururuwa, gudun kuma ya tsaya iya inda ya tsaya. Idan lambar ƙarama ce, kamar biyu da ɗigo saba'in da uku, tashinta irin na raƙumi ne, sai ta yi nishi ta yi miƙa, amma in ta miƙe a doguwar hanya sai dai ka yi mata addu'a. Babu mai kyau babu marar kyau a cikinsu. Hanyar da mutum zai bi ita ke zaɓa, shi ya sa nake tambaya.

Ina da ɗa, ɗan farina, a Riyad aka haife shi, lokacin ya ɗan haura ashirin, yana aiki a shagon kayan gyaran mota. Larabcinsa kamar ruwa, Hausarsa kuwa sai ka yi haƙuri da ita. Sunan mahaifina na saka masa, ga shi ɗan fari, kun ga kunya ta zama biyu. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Kai nake cewa, ko wannan yaron. Labari ina iya ba shi, in ma cika shi da shi, amma in zauna in tambaye shi me ke ransa, wannan bakina bai iya ba. Abin da yake so ya gaya min ta wurin uwarsa yake biyowa, amsata ma ta nan take komawa. Ita ce gidan wayarmu, kuma ba ta taɓa karɓar ko sisi ba.

Yaron nan ya tara abin da ya tara ya sayo wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu, baƙa, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, giyarta uku kacal. Duk ranar Juma'a bayan la'asar, gareji ba kowa, sai mu shiga ƙarƙashinta. Maganarmu ba ta wuce miƙo sifana, riƙe nan, saki. Amma gaskiya ban taɓa jin daɗin aiki kamar na waɗannan watannin ba. Muka farfaɗo da injin, muka ƙara masa ƙarfi har ni kaina na fara jin tsoronsa. Sai aka zo kan bayanta, wanda yake kuka kamar ana yanka akuya. Dole a sauya haƙora.

Da dare ɗaya ana cin tuwo, uwarsa ta isar da saƙo: wai huɗu da ɗigo goma yake so, tsere zai riƙa yi da ita. Kalmar tsere na ji, ban ji sauran ba, ban kuma nemi in ji ba. Ni na san abin da ake jawo mana gareji da sassafe, motocin samarin da suka yi wasa da rai a titunan bayan gari, wasu sai ka rasa ina gaba ina baya. Na taɓa samun takalmi ƙafa ɗaya a ƙarƙashin totur. Sai na ga kaina tsaye a maƙabartar ƙasar mutane ina binne ɗana. Na ce wa uwarsa ta ce masa to.

To ɗin nan kuwa ta baki ce. Na tafi kasuwar matattun motoci da ke hanyar Ha'ir, na ciro haƙoran wata tsohuwar motar iyali, biyu da ɗigo saba'in da uku, na zaɓi ranar da yake shago na saka, na rufe, na zuba mai, na goge hannuna. Dabarata ita ce in ta yi nauyin tashi, a bar shi a danja sau biyu sau uku, a yi masa dariya, zai haƙura da tsere ya koma zuwa aiki da ita kamar ɗan mutane. Har yabon kaina na yi a hanyar gida. Da ya ɗana ta ya dawo, na tambayi uwarsa me ya ce. Ta ce ya ce ya gode, Allah ya saka.

Daga nan abubuwa suka sauya a hankali. Ya daina zuwa gareji ran Juma'a. Ba ya min rashin kunya, gaisuwarsa tana nan, amma sai ya ci abinci ya tashi. Ni kuwa na ɗauka dabarata ce ke aiki, ya huce da motar. Har na ba abokaina labari a wurin mai shayi a Baɗha, ina cewa yaran yanzu da hankali ake bi da su, ba da tsawa ba.

Wata Juma'a da safe aka gayyace mu suna a wata gona can Kharj, wani ɗan garinmu ya samu ƙaruwa. Tawa motar tana kan jak, sai uwarsa ta ce mu tafi a tasa. Da muka fito na miƙa hannu ya ba ni makulli, don ni ba na zama a gefe yaro yana ja na. Muka hau babbar hanya, shimfiɗaɗɗiya, ba kowa sai manyan motoci jefi-jefi. Injin yana gurnani can ƙasa-ƙasa kamar mai barci, allurar maleji tana kan ɗari da ashirin. Daɗi ya kama ni, na ɗauko labarin yadda muka tsallake Sahara a bayan akori-kura da ruwa jarka ɗaya, wanda ya ji ya fi a ƙirga. Sai ya ce min, Baba, shwayya shwayya, wato a hankali. Na nuna masa malejin da haɓa, na ce tun uwarsa tana tallan gyaɗa nake tuƙi. Ya sake cewa in rage. Na ci gaba da labarina, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana nuna yadda rairayi ke tashi.

Can gaba wata tirela ta fito za ta wuce 'yar'uwarta. A idon wanda yake kan ɗari da ashirin, tazarar ta isa a yi birki har a gyara hula. Amma bayan tirelar nan ya taho mana kamar an jefo shi. Na taka birki, tayoyin baya suka ƙame, motar ta juya gindinta gaba, na ga sama, na ga titi, na ga ƙura. A cikin juyawar nan na ji bakina ya kira sunansa, sunan da ban taɓa furtawa a gabansa ba, da ƙarfi kuwa. Allah ya sa gefen hanyar rairayi ne mai laushi. Muka nutse a ciki muka tsaya, taya ɗaya ta fashe, ƙafar gaba ta lanƙwashe. Ni na tsage a wuyan hannu, shi goshinsa ya kumbura. Ban da wannan ba komai.

Muka zauna a inuwar motar muna jiran janwe. Ina ta mamaki da baki, ina cewa wannan wane irin ɗari da ashirin ne. Yana wasa da yashi ya ce, "Baba, malejin ƙarya yake. Tun ranar da ka rufe difaransha." Nan take na gane. Maleji daga giya yake karatu, ba daga taya ba, in ka sauya haƙoran baya sai ka sauya ɗan ƙaramin haƙorin da ke juya allura. Na sha yi wa mutane wannan, amma ranar saurin rufe ɓarnata ya sa na manta. Ashe mun haura ɗari da sittin ina ba da labarin jarka.

Na tambaye shi, ba ta bakin kowa ba, ko ya san abin da na saka. Ya ce tun ranar farko. Ya ɗaga bayan motar, ya juya taya, ya ƙirga farfela, yadda ya ga ina yi. Na ce to me ya hana shi magana. Ya ce da Hausa bai san yadda zai ce wa ubansa ya yi ƙarya ba tare da ya zama zagi ba, da Larabci kuma sai ya ji kamar da abokinsa yake. Buɗewa ya sauya kuma, a garejin da kowa ke ce min Ammu, tona min asiri ne. Sai ya bari.

Abin da ya faɗa bayan wannan ya fi na farko nauyi. Tseren da yake nufi ba na titi ba ne. Akwai fili na hukuma can bayan gari, ɗan guntun titi miƙaƙƙe da bai kai rabin kilomita ba, mota biyu-biyu, hular kwano dole, ana duba mota kafin a shiga, ga motar asibiti a tsaye. Can yake so, kuma can huɗu da ɗigo goma take da amfani. Ya je da haƙorana, kafin raƙumarsa ta gama miƙa abokin karawarsa ya kai ƙarshe. Aka yi masa dariya, daidai yadda na shirya. Sai wasu suka ce masa ai motarka ba ta nan ba ce, ta doguwar hanya ce, zo mu nuna maka. Watannin nan da nake murnar ya huce, a kan wannan hanyar da muke zaune a gefenta yake, da gudun da bai yarda ya faɗa min lambarsa ba har yau. Da hannuna na ɗauke shi daga inda motar asibiti take tsaye, na kai shi inda ba kowa sai tireloli.

Ban yi kuka ba, amma yashi ya shigar min ido sosai ranar. Na ce masa ya yafe min. Ya rikice, ya ce a'a Baba, a'a Baba, yana neman inda zai sa kansa. Bikin sunan da ba mu je ba ke nan.

Da hannuna ya warke, muka koma ƙarƙashinta ran Juma'a. Amma kafin nan sai da na zaunar da shi a kujerar da nake zaunar da kowa, na zuba masa shayi, na tambaye shi ina za shi da motar nan. Ya yi dariya har shayin ya zube. Ya yi min bayani rabi Hausa rabi Larabci, muka yi gardama kamar bakanike da mai mota. Na ce giya uku gare ta kuma da ita yake zuwa aiki, huɗu da ɗigo goma za ta sa injin kururuwa a titin gari har ya yi zafi. Ya ce in dai ƙasa da uku da rabi ne gara ya hau keke. Muka tsaya a uku da ɗigo saba'in da uku. Shi ya ɗaura da hannunsa, ni ina riƙe fitila, ɗan haƙorin maleji kuwa shi muka fara sauyawa. Uwarsa ta ce ta yi ritaya daga gidan waya, kuma tana jiran fansho.

Abin da na koya shi ne tsoron da uba ke ji wa ɗansa gaskiya ne, amma tsoro ba ya tambaya, yanke hukunci kawai yake. Kunyar ɗan fari abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, ban kuma ce a yar ba. Har yanzu sunansa nauyi yake min a baki. Sai dai ina roƙon iyaye 'yan'uwana, musamman mu da muka haifi 'ya'ya a ƙasar wasu, harshenmu da nasu ya fara rabuwa, kada kunya ta hana ku zama ku tambaya. Kada ku gyara rayuwar yaro a ɓoye ranar da ya tafi aiki. Yana ganinku, ya kuma iya ƙirga, ku kuka koya masa. Ni Allah ya rufa min asiri, rairayi ne ya tare mu. Ba kowa ke samun rairayi ba.

Da sanyi ya shigo, ya kai ni filin nan nasu wata yamma. Na zauna a benci ina kallo, ya zabura ya kai ƙarshe lafiya, bai zo na ɗaya ba amma ba wanda ya yi dariya. Da aka buɗe wa masu gwaji, sai ga shi ya nufo ni da makulli a hannu ɗaya, hular kwano a ɗayan. Na fara kawo uzurin wuyan hannu da hawan jini. Ya saurare ni har na gama, cikin ladabi, sannan ya ce, "Baba, kai da ka tsallake Sahara da ruwa jarka ɗaya, wannan ɗan guntun titin ne kake tsoro?"