Wasiƙar da ta nuna musu hanyar ruga

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ina limancin wani ƙaramin masallaci a ƙauyenmu, tsakanin Kankiya da Kusada. Ina noma, kuma tun kafin zuwan waya ni ke rubuta wa mutanen gari wasiƙa da ajami.

Wata damina 'yan bindiga suka faɗo mana da la'asar, suka kashe mutum a gona, suka kora shanu. Washegari 'yan sa-kai suka shiga daji, suka dawo da mutum huɗu a ɗaure, suka karɓe wayoyinsu, suka kulle su a tsohon shagon taki. Daga masallaci ina jin duka da ihu. Da na kai musu ruwa sai na tarar da wani dattijo makiyayi, an fasa masa baki, igiya ta ci naman hannunsa har jini ya bushe a kanta. Ya rantse mini a bakin rijiya aka kama shi yana shayar da dabbobi. Gaskiyarsa dai Allah ne masani. Bai roƙe ni in sa a sake shi ba. Abin da ya nema kawai matarsa ta san yana raye, kada ta shiga takaba.

Na rubuta masa layi biyar. Ya ce in ba wata mai tallar nono da ke zuwa kasuwar Kusada, ita ta san inda iyalinsa suka koma suka ɓuya. A nan na yi kuskurena. Mu an raine mu ba a tsallake babba, sai na ga rashin ladabi ne in fitar da takarda ba da sanin shugaban 'yan sa-kai ba, alhali ƙanensa ne aka kashe a gonar. Na je na karanta masa, har na faɗi wadda za ta kai. Ya yi murmushi ya ce, "Ai aikin lada ne, Allah gafarta Malam. A kai mata."

Ranar kasuwa na damƙa wa mai nonon takardar, ta cusa a ƙarƙashin faifan ƙwaryarta. Ashe mutanen shugaban na biye da ita a kan babura. Kafin rana ta faɗi muka hango hayaƙi. Kashegari na bi masu zuwa jana'iza. Bukkoki sun zama toka, an sassare wa shanu agara suna nishi, mai nonon tana kwance a bakin hanya da sara a wuya. Matar dattijon kuwa harbi ne a ƙirji. Takardata tana ƙulle a gefen mayafinta, ba a ma kai ga karanta mata ba.

Da aka zo miƙa mutanen huɗu ga hukuma, ana tura dattijon cikin mota ya waiwayo ya ce, "Malam, ta samu?" Na ce ta samu. Mota ta tashi.

Kullum ina neman gafarar Ubangiji, amma kyakkyawar niyyata ba ta tayar da kowa daga kabari ba. Jama'a, sada wanda ke tsare da iyalinsa alheri ne, kada labarina ya hana ku. Sai dai amanar ba a cikin rubutun kaɗai take ba, har da sunan mai kaiwa da hanyar da zai bi. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa jiya, ku yi masa ta'aziyya, amma kada ku gaya masa inda iyalin wani suke kwana.