Kawu Sale da Rodin da Ya Sha Kunu

Ku da kuka san Kawu Sale mai gyaran rediyo a Gumel, kun san yadda yake katse hira. Ana cikin magana sai ya karkatar da kai, ya ɗaga yatsa ya ce, "Ku dakata, wani abu na kuka." Keke ne, keken ɗinki ne, ko fankar maƙwabci, sai ya tashi ya nemo shi. Karin maganarsa ɗaya ce: ƙarfe ba ya kuka a banza.

Ni na taɓa raka shi garin Sule Tankarkar gidan wani amininsa. Aka kawo tuwo da man shanu ya kwanta a kan miya. Ƙofar zauren kuwa da an taɓa ta sai ta yi ƙiii. Kawu ya lakato man nan kaf, ya je ya shafe ƙarfen ƙofar, ya dawo ya ci tuwonsa gaya. Mai gida ya ce, "Haba Malam Sale, man ai naka ne." Ya ce, "Ta fi ni buƙata. Ni ka ji ina kuka?"

To, ni ɗan ƙanwarsa, ni ne makaɗin jita na farko a garinmu, kuma har gobe ina alfahari da haka. Ba a daɗe da canja fam zuwa naira ba na sayi wani akwati wurin wani direba da ke zuwa Damagaram. Ana jona shi tsakanin jita da lasifika, in ka taɓa tsirkiya ɗaya sai ta yi ta amsa kanta kamar kira a bakin rijiya. Daɗi dai ba a magana. Amma da an ta da injin wuta sai wani zuuu ya taso ya danne kiɗan. Samari suka sa mini suna Sarkin Zuma. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Shugaban ƙungiyarmu ta makaɗa, Mamman Ganga, ya kira ni ya ce an gayyace mu bikin ɗan wani Alhaji dillalin shanu a Maigatari, kuma makaɗan Damagaram za su zo. Ya ce, "In zumar nan ta biyo mu can, ka ajiye jitar ke nan, ka koma ɗaukar kaya."

Na sunkuci akwatin sai shagon Kawu. Ya kara kunne ya ce, "Taɓa tsirkiya." Na taɓa, kukan ya ragu. "Saki." Ya dawo. Ya gyaɗa kai, ya buɗe akwatin, ya ɗauko gwangwanin madara ya buge shi ya shimfiɗe cikin da shi. Na ce, "Kawu, na sayo sabuwar waya." Ya harare ni, ya zaro wata tsohuwar waya ya ce, "Sabuwar waya me ta sani? Wannan ta yi aiki a rediyo uku." Ya ɗiga mata dalma. Kukan ya ragu, amma bai tafi ba.

Na ce, "Saura fa?"

Ya ce, "Sauran ƙishirwa ce. Ranar bikin zan zo."

Wallahi na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ranar, bayan la'asar, filin ya cika maƙil. Mutanen Damagaram suka yi nasu, aka tafa. Can sai ga Kawu ya sauko daga motar hatsi, rodin ƙarfe a kafaɗa, butar ruwa a hannu. Bai gai da kowa ba. Ya kafa rodin a ƙasa bayan lasifika, ya ja waya daga jikin akwatina ya ɗaure masa, ya barbaɗa gishiri, ya juye butar a gindinsa. Aka ta da inji. Tsit. Har na leƙa in ga ko an jona.

Na fara kiɗa, sautin ya fita tas, mutane suka miƙe. Sai dai kun san rairayin Maigatari, ba ya riƙe ruwa. Ina tsakiyar kiɗan da na fi ji da shi sai na ji zumar tana dawowa sannu a hankali. Mamman Ganga ya juyo ya zuba mini ido. Na dubi Kawu, ya kifa butar, ko ɗigo babu, rijiya kuma da nisa.

Tsohon nan bai yi wata-wata ba. Ya taka har gaban uban ango, ya ɗauke ƙaton kwanon kunun zaƙi da aka ajiye wa manyan baƙi, ya je ya tuttule wa rodin.

Alhaji ya miƙe ya ce, "Kai bawan Allah, lafiyarka?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ka sha ɗazu. Wannan baƙon tun da ya zo yake tsaye a rana."

Aka fashe da dariya, har Alhajin. Kukan kuwa ya ɗauke ɗif. Ranar na yi kiɗan da ban taɓa yi ba, har wani makaɗin Damagaram ya zo yana shafa akwatina yana tambayar a ina aka ƙera shi. Na ce, "A Gumel." Jitar nan ba ta bar hannuna ba sai da yatsuna suka tsufa.

A hanyar dawowa na ce masa mutane na cewa aljani ne a rodin. Ya yi tsaki ya ce, "Wane aljani? Hanya kawai na ba kukan ya sauka. Duk hayaniyar duniya, ƙasa ce ke shanye ta."

Ranar da muka kai shi makwancinsa, da aka gama rufewa aka nemi mai yayyafa wa kabarin ruwa, sai aka miƙo mini buta. Na zuba, ƙasa ta shanye, wurin ya yi tsit, ni kuwa kuka ya ƙwace mini. Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya sanyaya masa makwanci, Ya ba shi natsuwar da ya yi ta nema wa ƙarafan mutane. Amin.