Gadun Gonar Babanmu da Kujerar Inna

Ina shekara ta uku a jami'a a Madina lokacin da Yaya ya kawo Inna aikin hajji. Wasiƙarsa ta iso mini wata biyu kafin zuwansu, kuma ban tsaya na tambayi kaina inda manomin rogo ya samo kuɗin kujera biyu ba. A shekarun nan kuɗi na yawo a ƙasarmu, sai na ɗauka shi ma wata kwangila ce ta faɗo masa.

Ban bar su a masaukin alhazai ba. Na kai su unguwar Al-Sih, gidan Baffa, ɗan ƙanen kakanmu, wanda aka haifa a Madina bayan iyayensa sun zo a ƙafa sun zauna. Tela ne, Hausarsa rabinta Larabci. Kwana biyar muka yi cikin jin daɗi. Inna ta yi ziyara, ta yi kuka, ta sayi dabino fiye da abin da za ta iya ɗauka.

A rana ta shida muka je masallacin Ƙiblatain da hantsi. Inna ta shiga ɓangaren mata, sai Yaya ya ja hannuna zuwa inuwar wata katanga, ya ce yana da tambaya, kuma yana son amsa kafin jibi su ɗaura harami.

Babanmu ya bar mana fili babba a bakin daji, fadama daga ƙasa, tudu mai duwatsu daga sama. Tun muna yara gadu ke addabar wurin. Garke guda zai shiga rogo ya tone abin da aka yi wata shida ana wahala a kansa. Yaya ya ce bayan tahowata wani kamfanin gina hanya ya kafa sansani kusa da garinmu. Wata Lahadi wani Bature ya zo da tafinta, ya ce ya ga sawun aladen daji, zai biya a bar shi ya shiga da bindiga. Yaya ya yarda. Daga mutum ɗaya suka zama huɗu, daga baya har abokansu ke zuwa daga Jos da Kaduna. Kowa na biyan kuɗin shiga na yini, shi kuma ya yi musu jagora zuwa ramuka da mashaya. In sun harbe, su ke ɗorawa a motarsu, shi bai taɓa sa hannu ba. Rani biyu ke nan ana haka, kuma da wannan kuɗin ya biya kujerarsa da ta Inna.

Sai ya ƙara da cewa bara da ya ga dabbobin sun fara ƙaura, ya shuka dankali a tudun ya bar musu don su zauna.

Na ce, "Wato kiwon alade kake yi a gonar babanmu."

Ya ce, "Tambayarka na yi, Malam. Hajjinmu ya yi ko bai yi ba?"

Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya, shi ya sa ni a motar da ta kai ni makaranta, kuma bai taɓa kirana Malam ba sai ranar. A zangon nan muka karanta ra'ayin da ke cewa hajji da dukiyar haram ba ya inganta, kuma shi ne ya fara zuwa bakina. Na faɗa masa kamar babu wani ra'ayin a duniya. Na ce ya ɗauko tsohuwa ya kawo ta ƙofar Manzon Allah da kuɗin ƙazanta. Ya sunkuya ya gyara takalminsa, ya tafi bakin ƙofa jiran Inna.

Da rana muna cin shinkafa a faranti ɗaya, Inna da matar Baffa suna gefe a tasu tabarmar, Baffa ya lura ba ma kallon juna. Ya tambaya. Na amsa masa da Larabci don kada Inna ta gane. Na manta tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana zaman tafsirin azumi ta san kalmar hinziri, wato alade. Ta ɗago kai ta tambayi abin da ya kawo wannan dabba cikin zancenmu. Baffa ya ce, "Kalas, Hajiya, maganar yara ce." Ba ta kalle shi ba, Yaya take kallo.

Ya gaya mata duka. Ta san Turawa na shiga dajin, tana jin ƙarar bindigarsu, amma ya ce mata shanunsa biyu ya sayar ya biya kujera. Ta cire hannunta daga abincin, ta wanke, ta shiga ɗaki. Daga ciki ta aiko matar Baffa ta ce mana ita ba za ta ɗaura harami ba, a bar ta nan har alhazai su dawo.

A lokacin ne na ji tsoro. Bayan La'asar na tafi gidan wani dattijo ɗan ƙasarmu da ke koyarwa a jami'ar. Ya saurare ni, sannan ya shiga tambaya. Naman ake sayarwa ko izinin shiga? Da kai ake biya ko da yini? Ɓarnar da dabbobin ke yi ta ragu? Wasu na amsa, wasu ban sani ba, domin ban tambaya ba. Ya ce kashe dabbar da ke cinye amfanin gona babu laifi a ciki. Karɓar lada daga wanda ka san ci zai yi, wannan akwai shubuha, shuka musu abinci kuwa a daina. Amma hajji, ya ce, ko da kuɗin haram ne zalla, mafi yawan malamai, har da na mazhabar da aka raine mu a kai, sun tafi a kan ya inganta, laifin yana kan wanda ya nemo kuɗin. Wadda aka biya wa ba ta sani ba kuwa, babu komai a kanta. Ya ce ai na karanta wannan a shafin da na karanta wancan. Da zan tashi ya tambaye ni abin da ni na tanada domin hajjin mahaifiyata cikin shekara uku. Ban tanadi komai ba.

Na koma na tsaya a ƙofar ɗakin Inna na faɗi abin da dattijon ya ce, ban rage ba. Ta ce ta ji. Washegari ba ta je masallaci ba, shayi kawai ta sha. Yaya ya yini a shagon Baffa yana kallon keken ɗinki. Ran tafiya da safe ta fito da kayanta a ɗaure, ta shiga motar alhazai. Mu dai ba mu san ko ta sauya shawara ba ne, ko rakiya ta yi mana zuwa miƙati.

Miƙatin Bi'ir Ali cike yake da manyan motoci, wasu na shiga wasu na fita, direbobi na ta danna ham. Kowa ya sauka domin wanka da sallah da niyya. Inna ta zauna a kujerarta jikin taga, hannu biyu a kan cinya. Yaya ya je ya dawo da mayafin harami a jikinsa, ya tsaya a ƙasa ya kasa hawowa. Alhazai suka fara komawa mota suna talbiyya. Direban, wani ɗan Yaman, ya leƙo ya ce mini in tsohuwar ba za ta je ba in sauke ta, ba zai jira ba.

Na durƙusa a tsakanin kujeru. Ta juyo ta ce, "Auta, shekaranjiya ka faɗi magana biyu. Wacce za ka tsaya a kanta gaban Allah?"

Na ce, "Ta biyun, Inna. Ta farkon fushi ne da son a ce na sani."

Ta ce, "To je ka gaya wa yayanka haka, ina kallonka."

Na sauka na gaya masa a gaban mutane, na ba shi haƙuri. Ya gyaɗa kai kawai. Inna ta sauko a hankali tana dafa ƙofa. Wata Hajiya 'yar Maraɗi ta kama hannunta ta kai ta wurin mata, Yaya kuma ya tsaya a gaban motar don kada direban ya ja. Ta dawo tana talbiyya a hankali, muka kama hanyar Makka.

Bayan sun koma gida Yaya ya daina shuka dankalin, ya kuma sallami Turawan. A daminar da ta biyo baya gadu suka tone kusan rabin rogonsa, ya rubuto mini haka cikin layi ɗaya, bai ƙara komai ba. Daga baya ya koma barin maharban maƙwabtanmu suna shiga kyauta. Aikin hanyar ya ƙare, kamfanin ya tashi. Mun ci gaba da zumunci har ya rasu, yana gaishe ni da fara'a, yana aiko mini da doya, amma bai sake tambayata wata mas'ala ta addini ba. Limamin garinmu yake zuwa ya tambaya, ko da ina gari.