Yawun Umma

Wata huɗu na yi ina jinyar Umma ni kaɗai, bayan hawan jini ya kayar da ita a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Lokacin ina da goyo. Mijina ya yarje mini na koma gidanmu a Madabo, na shimfiɗa katifata a gefen gadonta. Ni ke dama mata kunu, ni ke juya ta, ni ke murza hannun da ya mutu da man zafi. Harshenta ya yi nauyi. In ta yi magana kowa sai ya juyo ya dube ni, ni kuwa in ce ruwa take so, ko a sauke labule. A aji huɗu na bar boko, amma wannan karatun babu wanda ya fi ni.

Wata Talata da hantsi ina ba ta kunu, sai jikinta ya sandare, idanunta suka juye, ta hau jijjiga, kumfa na fita ta gefen baki. Gwaggo, yayar babanmu, ta shigo da cokali za ta cusa mata tsakanin haƙora. Tana ganina da yarinya a baya ta daka mini tsawa.

"Fita da 'yar nan. Farfaɗiya ce. In yawun nan ya taɓa ki ya bi nono, kin cuce ta."

Na fita. Tsoro ne ya fitar da ni, ba Gwaggo ba. Ranar sau uku na wanke hannuna da toka kafin na yarda na shayar.

Kafin magariba Yaya ya ɗauko matarsa daga Ƙofar Mazugal. Anti muke ce mata, malamar firamare ce, ba ta da goyo. Aka naɗe katifata aka kai ɗakin Gwaggo, aka shimfiɗa tata a gurbin. Ni aka ce iyakata bakin ƙofa.

Ba ta taɓa yi mini komai ba, wannan ya fi ci mini rai. Kununta tsararo ne, Umma kuwa mai kauri take so, amma sai na ga tana shanyewa. Na yi ta jiran ranar da za ta kasa gane maganar Umma ta kira ni. Sati biyu ba su cika ba na ji Umma ta yi gunaguni, na ɗaga murya daga waje.

"Anti, filo take so a ɗaga mata."

"Na ji ta, ai har na ɗaga. Je ki huta, mai jego."

Na koma gindin turmi na zauna. Can na jiyo Umma na dariya, irin dariyar nan tata ta ɓari guda da na ɗauka ni kaɗai take yi wa.

Ciwon ya sake tashi sau biyu. Na cikin ɗaki suna ta salati da riƙe ƙafafu, ni da ba ni da aiki sai kallo na ga abin da ba su gani ba. Babban yatsan hannun da ya mutu ke fara rawa, hannun da wata huɗu ina roƙonsa ya motsa. Daga nan ya hau kafaɗa, ya kama gefen baki, sannan jiki duka.

Ranar komawa asibiti na nace sai an tafi da ni, na zauna a gaban adaidaita a takure. Likitar, wata dattijuwa mai gilashi, ta tambayi yadda abin ke farawa. Yaya ya ce faɗuwa kawai take yi. Anti ta ce kamar minti goma yake ɗauka. Na ce bai kai ba, na kuma faɗi maganar yatsa. Likitar ta ajiye biro ta dube ni.

"Ke ce mai jinyar?"

"A da ni ce."

Ta ce shanyewar jikin ta bar tabo a ƙwaƙwalwa, daga tabon ne jijjigar ke tasowa, shi ya sa take farawa ta ɓarin da ya mutu. Ba sabon ciwo ba ne daga waje. Kada a ƙara sa mata komai a baki, a kwantar da ita ta gefe, a duba agogo, in ya wuce minti biyar a kawo ta. Na tambayi maganar yawu.

"Malama, yawu ba ya ɗauke da wannan. Shayar da 'yarki, ki kula da uwarki."

Sannan ta rubuta magani, ta miƙa wa Anti takardar, don ita ce za ta iya karantawa.

Gwaggo ta ce likita ba ta san komai ba, amma Yaya ya ce in koma ɗakin. Katifa biyu suka zama.

Da aka fara maganin abin ya lafa, sai sau ɗaya, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ni na fara ganin yatsan. Na miƙe, na kai hannu, sai na ga yawu ya fara dalala, na ji nauyin yarinyar a bayana. Na san abin da likita ta ce. Duk da haka sai da na tsaya na kwance goyon, na kai ta ƙofa na ajiye. Kafin in juyo Anti ta riga ta mirgina Umma ta gefe, tana share mata baki da gefen mayafinta.

"Duba mana agogo," ta ce.

Na duba. Minti biyu da ɗan wani abu. Da Umma ta farfaɗo ta yi ta lalube da hannunta mai lafiya, ina durƙushe dab da ita, har ta kamo zanen Anti ta riƙe.