Kunyar Suruka da Ciwon Asma

Tun ina yaro hancina yake da tsirfa. In ana sussuka a maƙwabta, ni ke atishawa. In aka zuba turaren wuta a garwashi kuwa, idanuna su yi ja, ƙirjina ya kama kuka kamar tsohuwar ƙofa. Asma ce, wadda tsofaffinmu a Daura ke kira fuka. Murar da za ta yi wa wani kwana uku ta tafi, ni sai ta sauka ƙirji ta shimfiɗa tabarma. Shi ya sa maganin da nake fesawa a baki ba ya barin aljihuna.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a matata ta yi haihuwa ta biyu. Ina koyarwa a firamare a Sandamu, na tsayar da gemu, na ɗage wando, ina ji da kaina wai ni mai ladabi. Mahaifiyarta ta taho daga Zango don wankan jego. Damina ce, ruwa ya dake ta a tasha, ta iso da mura ɗaya da kaskon turare ɗaya, kuma wallahi ban san wanne na fi tsoro ba.

Kullum da safe sai na tuɓe takalmi, na durƙusa a bakin ƙofarta. Ita kuwa Inna gaisuwarta ba ta gajarta. Sai ta tambayi gajiya, ta tambayi 'yan makaranta, ta tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya, tana yi tana tari, ga kasko tsakaninmu yana tuƙa hayaƙi don ɗakin jego ya yi ƙamshi. Ni kuma kai a sunkuye, hawaye na zuba. Daga baya na ji ta yaba wa matata, wai ba ta taɓa ganin suruki mai taushin zuciya irina ba.

Matata ta ce in bari ta gaya mata. Na ce kul. Ina ni ina cewa turaren surukata yana damuna? Kwana uku, mura ta kama ni.

Ranar jajibirin suna na durƙusa kamar kullum, sai na ji numfashi yana shiga amma ya ƙi fita. Magani na aljihu, hannuna ma yana kansa. To amma ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, yaya zan wangame baki in cusa abu in fesa? Na ce bari dai ta gama. Tana kan tambayar lafiyar kawuna na Kongolam na kife a kan tabarmarta. Gaskiya na tsorata, don na zaci shi ke nan.

A kan babur maƙwabcinmu ya kai ni asibiti, wani na riƙe da ni ta baya. Da na dawo hayyacina likita ya yi min faɗa sosai. Ya ce hanyar numfashin mai asma kullum a tsokane take, hayaƙi ya ƙara kumbura ta, ƙwayar mura ta zo ta tarar da wuri a buɗe. Ya tambayi abin da ya hana ni fesa magani. Da na faɗa masa, sai ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Aka raɗa wa 'yata suna ina kwance, ko tsokar rago ban gani ba.

Washegari da hantsi na ji sallama ta tagar asibiti. Inna ce. Ta ƙi shigowa saboda tarinta, ta rufe hanci da gefen mayafi. Na yunƙura zan sauko in durƙusa, tari ya sarƙe ni, ƙirji ya fara kukan nan nasa.

Ta ce, “Malam, ina abin da kake fesawa?”

Na nuna aljihu, kaina a ƙasa.

“To fesa, ina kallo. Na yafe maka kunyar. 'Yata jego take yi, ba zan haɗa mata da takaba ba.”

Ban taɓa jin ta yi min magana haka kai tsaye ba. Na ciro maganin, na buɗe baki a gaban surukata, na fesa. Ba ta kau da kai ba, ba ta kuma bar tagar ba sai da ta ji numfashina ya daidaita.