Tukunya Ɗaya, Kwano Biyu

Mutanen garinmu da suka dawo Kano ba su bar komai a baya ba. Sun zo da turmi da taɓarya, sun zo da tsohuwar gaba, har rafin da ya raba garin biyu sun ƙunso shi sun shimfiɗa a wani lungu na Gyaɗi-Gyaɗi. A can gida, wannan gefen rafi namu ne, mu masu cewa mu 'yan asali ne. Wancan gefen kuwa na 'yan Tsallake ne, waɗanda aka ce kakanninsu bayi ne da aka kamo daga kudu. Tare muke sallah, tare muke kai gawa, amma ba ma auren 'ya'yansu, ba ma cin abincinsu. In ka tambayi dalili sai a ce maka baƙaƙe ne ƙirin, kuma akwai maita a jininsu.

Wanda ya fi kowa riƙe wannan karatu kawuna ne, yayan mahaifiyata. Shi da kansa in ya tsaya kusa da gindin tukunya sai ka ce tukunyar ce fara. Amma ya ce kakar kakarsa Bafillatana ce, shaidarsa kuma hancinsa. Na shekara talatin ina kallon hancin nan, har yau ban ga shaidar ba.

A ƙofar gidan Kawu ake ciyayya. Da an idar da sallar magariba, kowane magidanci ɗan garinmu zai fito da kwanon tuwonsa, a jera a kan tabarma, a buɗe ɗaya a cinye, sannan a jawo na gaba. Kawu ne mai nuna kwanon da za a buɗe, da tsinin sandarsa. Akwai Direba, wanda ya ja tirela har gwiwarsa ta ƙi, akwai Ladanin masallacin lungun, sai ni, malamin firamare, mafi ƙanƙanta. Na biyar ɗinmu malamin asibiti ne, ɗan Tsallake.

Gida ɗaya muke haya da shi a Tarauni, ɗakinsa na kallon nawa. Kullum shi ke goya ni a babur zuwa wurin ciyayya. Mutum ne mai haƙuri har ya ba ka haushi. Shi ke auna wa Kawu jini, shi ke yi wa Direba allurar gwiwa, duk ba wanda ya taɓa tuna maita a lokacin nan. Abu ɗaya yake so a duniya, kuma duk mun sani: ranar da sandar Kawu za ta nuna kwanonsa, a buɗe a ci kamar na kowa. Shekara biyu yana kawowa, sandar tana tsallake shi.

Wahalar kuwa ba shi kaɗai yake sha ba, domin matarsa ta iya girki na fitar hankali. Kwanon yana rufe, amma ƙanshin daddawa da man shanu ba ya neman izinin kowa. Muna tura tuwon surukar Kawu, wanda in ka jefi kare da shi sai ya yi ƙara, ga miyar taushe tana kiranmu daga ƙarshen tabarma. Kullum malamin asibiti zai ce, "Bismillah, ga nawa." Kullum kuma cuta za ta sauko wa majalisa. Direba zai dafe ciki ya ce gyambon cikinsa ya motsa. Ladan zai ce maiƙo yana dushe masa murya. Kawu ba ya ma wahalar da kansa, gyatsa kawai yake yi. Ni kuwa sai in tsiri amsa waya, ko ba wanda ya kira ni. A gida ina cin abincin mutumin nan har in suɗe hannu, amma a gaban Kawu ban taɓa ba. Tsoro ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Shi kaɗai zai ci loma uku ko huɗu ya rufe. A hanyar komawa sai ya tsaya a bakin titi ya miƙa wa masu adaidaita sahu sauran, su yi ta wawaso suna sa masa albarka. Da haka kwanon ke komawa gida fayau, matarsa tana murna dattawa suna son girkinta.

Ana nan sai matata ta yi haihuwar fari. Bayan suna aka tafi da ita garinmu wankan jego, sai ta yi arba'in. Kafin ta shiga mota ta damƙa cikina amana a hannun matar malamin asibiti. Da yamma ta yi sai ga kwanona na samira a bakin ƙofa, cike da tuwon shinkafa da miyar zogale. Tukunya ɗaya ta kwashe, ta zuba rabi a nawa, rabi a na mijinta. Ban yi tunanin komai ba na ɗauka muka tafi.

Sandar Kawu ta nuna kwanona. Aka buɗe. Loma ta farko majalisa ta yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiya. A ta uku Kawu ya fara santi. Ya ba da labarin wata akuya da ya yi kiwo tun yana saurayi, ya yi wa gwamnati addu'a, abin da bai taɓa yi ba. Direba mai gyambon ciki ya karkato kwanon ya shanye romon.

Sai Ladan ya dube ni ya ce, "Wai Malam, ba iyalinka ta tafi wanka ba? Wa ya yi maka wannan aiki?"

Na dubi malamin asibiti. Ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, kalma uku ta isa. Sai na ji bakina yana cewa, "Wata 'yar uwar matata ce, a Hotoro take, ita ke aikowa."

"Na faɗa!" in ji Kawu, yana lashe yatsa. "Hannun 'yar asali ba ya ɓuya. Ku ji yadda daddawar nan ta zauna. Wannan ba koyo ba ne, a jini yake." Ya karkata hanci wajen ƙarshen tabarma ya shaƙa, ya yamutsa fuska. "Wasu kuwa ko me suka zuba, sai ka ji wani ƙarni-ƙarni yana tashi."

Miyar da ke bakinsa ita ce a wancan kwanon. A hanya na ba malamin asibiti haƙuri, ya yi dariya ya ce, "Bar su, Malam. Ai dai sun ci." Amma dariyar ba ta kai ciki ba, na ji a bayansa.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa sai da ta yi rassa. Kullum Kawu da sabuwar tambaya a kan matar Hotoro. Fara ce? Na ce to, ba laifi. Doguwa? Na ce da ɗan tsayinta. Su wa iyayenta? Na ƙera mata uba malami da kaka mai shanu. Cikin mako biyu matar nan ta yi saukar Alƙur'ani, ta je Makka, ba ta ɗaga murya, duk a bakina. Mijinta na gaskiya yana zaune a ƙarshen tabarma yana saurare, wani lokaci har ya gyaɗa kai kamar yana jin labarin baƙuwa.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Kawu gwauro ne. Shekara huɗu da rasuwar matarsa, kuma tuwon suruka ya ishe shi. Wata ranar Alhamis ya goge baki bayan dambun shinkafa ya ce, "Ita baiwar Allahn nan, akwai igiyar wani a kanta?"

Na dubi ƙarshen tabarma. Malamin asibiti ne ya amsa a hankali, "Baba, ina jin fa tana da miji."

"Kai wa ya sa da kai? Ina ka san ta?" in ji Kawu. Ya juyo gare ni. "Ko da miji, ai ana mutuwa, ana saki. Gaisuwa dai ba haramun ba ce."

Na yi ta kwana-kwana. Na ce ta yi tafiya, ya ce to wa ya dafa na yau? Na ce ba ta jin daɗi, ya ce dubiya lada ce. Ladan da Direba suka shiga zuga shi, suna kiransa ango. Kawu ya fara rina gemu. Ya sa aka wanke masa babbar rigar da ya je ɗaurin auren ɗansa da ita, aka kai bugu.

Ranar Juma'ar makon da ya biyo baya muka iso muka tarar da shi a cikin rigar, hula ta sha kari, turare ya kashe ƙanshin kowace miya. Ga ƙullin goro a gefensa. Ya ce a yi sauri a ci, yau zan raka shi Hotoro, har ya yi magana da mai adaidaita. Aka jawo kwanona. Ranar kaza ce a miyar kuɓewa ɗanya. Kawu ya naɗe hannun riga ya cafko cinya.

Sai malamin asibiti ya miƙe. Bai taɓa barin ƙarshen tabarma ba sai ran nan. Ya ɗauko kwanonsa ya ajiye gab da nawa, ya buɗe. Tuwo iri ɗaya, malmala ɗaya, miya ɗaya, ga ɗaya cinyar kazar tana kwance a sama.

Ya ce, "Baba, ba sai ka je Hotoro ba. Ga 'yar uwar cinyar da ke hannunka. Tukunya ɗaya ce. Matata ce ke dafawa, yau kwana ashirin da uku."

Direba ya ƙware har sai da aka bubbuga masa baya. Ladan ya fara salati, ya duba tafin hannunsa kamar zai ga kurwarsa tana fita ta nan. Kawu ya dube ni, na dubi tabarma. Ya dubi cinyar da ke hannunsa. Na ga yana auna abu biyu, asalinsa da kazar nan, kuma wallahi na ɗauka yau gaba ta ƙare, don bai ajiye cinyar ba.

Ya gyara murya irin ta masu fatawa ya ce, "To. Abinci dai na Allah ne, shi ba ruwansa. Mun ci, ba abin da ya same mu, alhamdu lillahi. Ka gaya mata ta kyauta. Ta ci gaba da zubawa a kwanon yaron nan kamar yadda ta saba."

"Baba," in ji malamin asibiti, "ga shi a gabanka. Shi ne dai. Ko loma ɗaya ce, ka ɗauka daga nan."

Ya tura kwanon har ya taɓa gwiwar Kawu.

Kawu ya janye gwiwarsa. Ya ce, "Kowa ai ya san kwanonsa." Ya miƙa hannu ya tsallake na malamin asibiti, ya gutsuro tuwo a nawa.

Ina zaune, hannuna a wanke, tsakanina da kwanon nan bai kai taku ɗaya ba. Da na sa hannu na ci, ko ba komai ya san mutum ɗaya ya ci. Na tsaya jiran Ladan ya fara, shi kuma ina jin ni yake jira. Har malamin asibiti ya mayar da murfi, ya ce mana sai da safe, ya ɗaure kwanonsa a bayan babur. Ran nan a ƙafa na koma Tarauni.

Washegari da la'asar matarsa ta yi sallama a ƙofata. Idonta ya nuna ya gaya mata komai. Na fara kame-kamen ba da haƙuri, ta katse ni.

"Malam, ashe shekara biyu masu adaidaita nake ciyarwa. Allah ya ba ni ladan. Maigidan ya ce daga yau a gida zai riƙa cin abincinsa. Kai kuwa na yi wa matarka alkawari sai ta yi arba'in, ba zan saɓa ba. Ga naka."

Na karɓa. Na tsaya a tsakar gida da kwano a hannu, ina jin motsinsa a ɗakinsa, labule kawai ne tsakaninmu. Sallama ɗaya zan yi in shiga mu ci tare. Sai na tuna Kawu zai tambaya, zai aika gida a ce ɗan ƙanwarsa ya koma Tsallake. Na sa takalmi na kama hanyar Gyaɗi-Gyaɗi.

Sandar Kawu ta nuna kwanona tun kafin in zauna. Miyar kuka ce da man shanu. Kawu ya ɗanɗana ya ce yau gishiri ya ɗan yi kaɗan, in gaya mata. Aka matsa aka gyara zama, tabarmar ta ishe mu har da sarari. Ba wanda ya tambayi inda malamin asibiti yake. Suka ci, ni ma na sa hannu na ci, haka muka yi ta yi har kwana goman da suka rage suka cika.