Yatsan Inna a Ƙarƙashin Idona

Ni ɗan kurma ne, mahaifiyata Inna ce kurmar. A wani ƙauyenmu na Hausawa da ke bakin kogin Bahar, tsakanin Sinja da Damazin, aka haife ni, kuma Inna ba ta taɓa jin muryata ba ko sau ɗaya. Kafin in iya magana da baki na iya da hannu da gira. Kowa a gidanmu yana da sunansa a hannunta. Na Baba, ta shafa haɓa. Na yayata Hauwa'u, ta taɓa kunne. Nawa kuwa sai ta ɗora yatsa ƙarƙashin idonta na hagu, ni kuma na girma ina zaton don ni ne ɗan lelenta. Abu ɗaya muke tsoro a wurinta: idan ta yi fushi da kai, sai ta rufe ido. Kurma in ya rufe ido ba ta inda za ka ba shi haƙuri, sai dai ka zauna ka jira.

A wurinta na koyi karanta mutane. Ina saurayi nakan zauna gindin mai shayi ranar kasuwa, in ce wa abokaina, “Wancan zai saki akuyarsa ko nawa aka taya, ku dubi ƙafafunsa, sun riga sun juya hanyar gida.” Sai kuwa ya saki, mu yi ta dariya, su saya mini shayi. Wata rana wayar wani ɗan kasuwa ta ɓace. Na ga ƙanensa yana ta dafe aljihu kamar mai ciwon ciki. Maimakon in ce na gani, sai na sunkuyar da kai na ce, “An nuna mini.” Daga nan komai ya fara, kuma wallahi daɗi na ji.

Ba a yi shekara ba na sayi farar jallabiya da rawani da dogon carbi, aka fara kirana Faki, wato malami, ni da ko izu biyu ban haɗa ba. Nakan cika ƙwarya da ruwan Bahar in zuba mata ido kamar ina ganin wani abu, alhali maƙogwaron mutum nake kallo da yatsunsa. Aka riƙa kawo mini awaki da buhunan dawa. Idan na shigo hanya, mata su ja mayafi su rufe fuska, maza su yi shiru tsakiyar hira. Ƙauye guda ya daina haɗa ido da ni, in ban da Inna. Ita takan zauna kan angarib, gadonmu na igiya, tana tsinke kuɓewa tana kallona, ba ta ƙiftawa, har in rasa inda zan sa kaina.

Da kakar riɗi wani babban manomi ya aiko a kira ni. An kakkaɓe masa dammunan da ya jingine su bushe, an sace riɗin. Rana tsaka na isa gonar. Iska ta ɗauke, ko tsuntsu ba ya kuka, dammunan riɗi suna tsaye jere kamar mutanen da suka zo kallo. Na sa ma'aikatansa suka yi layi, na ce kowa ya sunkuya kan ƙwarya ya ce, “Ban ɗauka ba.” Tun daga nesa na hango wani dogo, Isiyaku, baƙo daga ƙauyen ƙetare. Zufa na zuba masa, yana ta haɗiyar yawu. Da aka zo kansa ya buɗe baki, muƙamuƙinsa ya ƙage, kalma ta ƙi fita. Na nuna shi da carbi.

Ma'aikatan suka rufe shi da sanduna har hannunsa na dama ya karye. Ina tsaye ina gyara rawani sai na hangi Inna cikin matan da suka kawo abinci gona. Ta ɗora yatsa ƙarƙashin idonta, ta daɗe a haka, sannan ta rufe idanu biyu. Hauwa'u ce ta ja hannunta har gida, ba ta buɗe ba.

Bayan kwana huɗu aka kama direban manomin da riɗin a kasuwa. Isiyaku kuwa in'ina ce da shi tun yana yaro, abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a ce ya yi magana gaban taro. Tsoro na gani, na kira shi sata. Danginsa suka kai ƙara, waɗanda na ci awakinsu ma suka fito, alƙali ya tura ni kurkuku a Sinja.

Wata uku ina cewa ƙaddara ce, sai Hauwa'u ta zo ziyara. Na tambaye ta Inna. Ta ce, “Tana nan. Amma in aka taɓa sunanka gabanta, sai ta runtse ido.” Ta taɓa ƙarƙashin idonta, sannan ta ce, “Kai, ka san mi ya sa take kiran ka da wurin nan? Tun kana tatata, in za ka yi ƙarya naman nan rawa yake yi. Duk gidanmu mun sani, kai kaɗai ba ka sani ba.”

Akwai wata babbar randa a tsakar gidan yarin. Washegari da azahar, da ruwan ya kwanta, na leƙa. Na ce a hankali, “Sunana Musa,” wanda ba sunana ba ne. Naman ƙarƙashin idona ya harba. Kamar wani ne daban a cikin ruwan yake min alama. Na rufe baki, na ce a zuciya kawai, “Ba laifina ba ne.” Ya sake harbawa. Na ja baya na zauna a ƙasa. Ni da nake karanta kowa, ashe shekara talatin fuskata tana tona mini asiri ban taɓa dubawa ba.

Kullum sai na koma randar. Na gwada mata duk abin da nake gaya wa kaina. “Su ma sun so a ruɗe su.” Ya harba. “Ni na karya hannun Isiyaku.” Shiru, bai motsa ba, na yi kuka ranar. Na shiga baƙin ciki har na daina cin abinci, wata rana na leƙa na ce, “Tawa ta ƙare, ba wani alheri da zai sake fitowa daga gare ni.” Sai ya harba, da ƙarfi ma fiye da kullum. Ashe wannan ma ƙarya ce. Na yi dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe, na tashi na ci tuwona. Daga ranar, in na ga wani ɗan kaso ya dunƙule a lungu, nakan je in zauna kusa da shi in tambaye shi abin da ke damunsa.

Da aka sake ni, ƙetare na fara zuwa. Na durƙusa gaban Isiyaku na roƙi gafara. Hannun bai miƙe ba har yau. Ya daɗe yana kokawa da kalma, ni kuwa na sa idona ƙasa, ban ƙarasa masa ba. Daga ƙarshe ya ce, “Je ka. Ka-kalas.” Wato ya wuce. Har yanzu ni ke taya shi shuka da girbi.

A gida Hauwa'u ta tare ni a zaure ta ce, “Yanar ido ta rufe wa Inna idanu, ba ta gani ko kaɗan.” Ba ta ji, ba ta gani, ta ina zan shiga? Na same ta kan angarib, idanunta a buɗe fari fat, suna kallon bayana. Na durƙusa. Ta laluba fuskata, yatsanta ya tafi kai tsaye ƙarƙashin idona na hagu ya tsaya. Na kama ɗaya hannun nata, na yi mata alamarmu ta gida, wadda muke yi in an gama abu har abada: na kaɗe tafina a cikin nata, wato na gama da ƙarya. Ta danna yatsan, tana jira. Mun daɗe a haka, naman bai motsa ba. Sai ta zare yatsan, ta kai shi tsakiyar ƙirjina, ta buga sau biyu. Sunana ke nan a wurinta tun daga ranar.

Ku samari, idan Allah ya ba ku idon gane halin mutane, kada ku ci abinci da tsoronsu. In kun ga jikin mutum yana rawa ku tambaye shi, don ba ku san abin da yake tsoro ba. Kafin ku karanta fuskar kowa, ku leƙa ruwa ku karanta taku, ku gwada mata abin da kuke gaya wa kanku, har da cewa ba ku da amfani. Ni na samu gafarar Inna, amma ba ta sake ganin fuskata ba, kuma ganin ƙarshe da ta yi mini ina tsaye ne a gonar riɗi ina gyara rawani.